Gangamau a Bayan Rumbu

Tabawa ce ta ba ni shi, ranar kasuwar Zuru,
naɗe a cikin ganyen ayaba,
ɗan guntun saiwa, bai kai babban yatsa ba.
Ta ce, "Gangamau ne. Kada ki ba shi rana,
kuma kada ki sa masa ido."

Ban ji ba. Na kai shi tsakiyar fili
inda barkono ke shan zafi yana murna.
Kwana ashirin, ganyen ya naɗe baki,
ya koma launin tsohuwar tabarma.
Na tone shi da hannu ina jin kunya,
na mai da shi bayan rumbu,
ƙarƙashin mangwaron da Manga ya dasa,
inda hantsi ke leƙowa ya gaishe mu ya wuce,
inda gindin randa ke naso dare da rana.

A nan na koyi halinsa.
Yana son takin awaki, amma wanda ya shekara.
Yana son laima, ba ya son ruwa ya kwana,
don haka na ja wa marka 'yar hanya da tsinin lauje.
Na zuba ɓuntun shinkafa a gindi,
na kewaye da ƙayar bagaruwa saboda kajin Lantana
waɗanda ba su san iyakar gida ba.

Da rani ya tsaya, sai ya mutu a idon mutane.
Ganye ya kwanta, ya bushe, tsintsiya ta kwashe.
Jikana Tanko ya zo da fartanya
zai kafa wa akuya turke a wurin.
Na riƙe ƙotar. Na ce akwai mai gida a ƙasa,
barci yake yi.
Yaron ya dube ni, ya dubi ƙasa,
ya haƙura don kawai ni ce kakarsa.
Na soka kara, na ɗaura masa jan tsumma.

Shekara ta farko, ganye.
Ta biyu, ganye, ya ƙara faɗi har ya kai ƙuguna.
A cikinta ne aka kai Tabawa makwanci,
ban samu na gaya mata ya kama ba.
Kabewa ta yi fure a danga, ta zubar, ta sake.
Kuɓewa ta yi nata,
har tafasar bakin hanya da ba wanda ya shuka.
Maƙwabta suka ce, "Ki tone ki daka mana, Kande,
ko shinkafa ta samu launi. Me ake jira?"
Na ce ban sani ba,
kuma gaskiya na faɗa.

Bana, ruwa ya fara ja da baya,
dawa ta fid da kai a gangaren Dabai,
furannin danga duk sun zama 'ya'ya,
ni ma na daina dubawa.
Ludayi ne ya suɓuce mini daga bakin randa,
ya gangara cikin ganye.
Na durƙusa ina laluba, ina yi wa gwiwata faɗa,
sai ga shi can ƙasa, tsakanin karare,
inda mai tsayuwa ba zai taɓa gani ba:
fari, hawa bisa hawa kamar jeren ƙore,
gindinsa kore, kansa da ɗan ja kaɗan,
daga kowane hawa ɗan baki ruwan ɗorawa na leƙe.

Wata ƙaramar zuma ta riga ni.
Ta shiga, ta fito, ko kallona ba ta yi ba.

Ban kira maƙwabta ba. Tanko na kira.
Ya ce, "Ina?" Na ce sai ka durƙusa.
Ya sa gwiwa a laka, wandon makaranta ne a jikinsa,
ya daɗe bai ce komai ba.
Sannan ya ce, "Kaka, a bar shi ko?"

Gwiwata ta ƙi tashi.
Muka zauna nan cikin inuwa mu biyu,
ludayin na kife a ƙasa,
har aka kira la'asar.